Buroshin Mai Hoto

Da bakinta ta roƙi a ba ta layin nan. Ranar da kamfani ke raba wa sababbin ma'aikata unguwanni, kowa na rububin manyan kantuna masu ƙofar gilashi, ita kuwa ta ɗaga hannu a hankali ta ce a ba ta tsohon layin da ke bayan tasha. A nan ta tashi, a nan mahaifinta ya yi gyaran agogo har Allah ya karɓi abinsa. A ganinta magana da fuskokin da ta sani zai fi mata sauƙi, don ita ko gaisuwa za ta yi wa baƙo sai ta maimaita ta a zuci kafin ta buɗe baki.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ta shawo kan masu shaguna su riƙa karɓar kirifto, kuɗin nan da ke zaune a cikin waya, ba takarda ba ƙarfe. Wanda ya yarda sai ta buɗe masa asusu a wayarsa, ofis ya buga masa sitikarsa mai wani zane murabba'i, ɗigo-ɗigo baƙi da fari. Mai saye ya haska zanen da wayarsa, kuɗi su faɗa. Sai dai tana cikin watan gwaji. A ƙarshensa Manaja zai zo da ƙafarsa ya sayi wani abu a layinta. In kuɗi suka tafi, aiki ya zama nata. In ba su tafi ba, ta ajiye katin da ke rataye a wuyanta.

Abin da ba ta hango ba shi ne, a layin nan babu wanda ke ganin katin. 'Yar Mai Agogo suke gani, mai guntun siket.

Ta fara da Tela. Ya saurare ta da allura a baki, da ta gama ya cire ta ya ce, "To 'yata, kuɗin nan naki yana shiga aljihu?"

"A'a Kawu, a waya yake."

"Kin ga kuwa ni aljihu nake ɗinkawa. So kike in rufe shago?"

Ya yi dariya har da buga keken ɗinki. Ta wuce wajen Mai Burodi, wadda ba ta bari ta kai ƙarshen jimla ba. Ta kama haɓarta ta juya fuskarta hagu da dama.

"Ke haka ake ramewa a jami'a? Ungo nan." Ta cusa mata burodi mai zafi a jaka. "Batun wayar nan kuwa, je ki wajen Mai Hoto. In ya karɓa, mun karɓa."

Haka mai gyaran takalmi ya faɗa, haka mai kantin magani. Ba su yi shawara ba, abin ya daɗe a haka. Mai Hoto ne ya fara sa fitila mai launi a ƙofar shago, shi ya fara jawo tarho a layin, shi ne kuma ya taɓa sayen wani injin sanyaya ɗaki da ya kusa ƙone masa rufi. Tun daga nan aka bar masa gwaji. Abin da bai kashe shi ba, sai sauran su bi.

Shagonsa na ƙarshen layi, daura da wurin da teburin mahaifinta yake a da, inda yanzu ake sayar da rigunan waya. Ta daɗe a bakin ƙofa kafin ta yi sallama. Warin ne ya fara tarbarta, warin ruwan wanke hoto, mai ɗan tsami, wanda ba ta san tana kewarsa ba sai da ya shiga hancinta. Labulen nan mai zanen tafki da kwale-kwale yana nan, ruwan tafkin ya koɗe ya koma toka-toka. Ga kujerar ƙarfe mai juyawa. Ga durowoyin katako jere har rufi, kowace cike da ambulan na fim, asalin da ake wanke hotunan mutanen layin daga gare shi.

Tsohon yana duƙe a kan tebur, da siririn buroshi a hannu, yana gyaran fuskar wani ango. Bai ɗago ba sai da ya gama shafa ɗigon da yake kai.

"Wa nake gani? Kar-ki-motsa!"

Shi ya sa mata sunan. Duk ranar da mahaifinta ya kawo ta ɗaukar hoto, da an buɗe kyamara sai ta sulale bayan ƙafarsa. Mai Hoto ya yi ta cewa kar ki motsa, kar ki motsa, har sunan ya bi ta makaranta.

Ta gaishe shi a durƙushe, ta zauna a bencin da take zama tana yarinya, lokacin da mahaifinta kan bar ta a nan in aiki ya yi masa yawa. Ta fara karanto abin da aka koya musu a ofis. Ya ɗaga buroshi.

"Bar karatun nan. Ni ki gaya min, kuɗin nan yana faɗuwa?"

A ofis an ce in an yi wannan tambayar a kewaye ta. Ta dubi ƙasa.

"Yana faɗuwa, Baba. Wani lokaci sosai. Shi ya sa gara duk abin da ya shigo ka mayar da shi kuɗin gari a ranar, kar ka ajiye."

"In na yi kuskure na tura wa wani fa?"

"Ba ya dawowa."

"Madalla da tallar da ke zagin kayanta," in ji shi. "To mene ne amfaninsa?"

Ta nuna durowoyin. Ta ce yaran layin nan da suka watsu ƙasashe, ai ta ji suna kiransa suna neman hotunan iyayensu, turo kuɗin ne ke ba su wahala har su haƙura. Da wannan, daga inda suke za su biya, ya wanke ya aika.

Ya dubi durowoyin. Can ya jawo durowar ƙasa, ya tono wayarsa daga ƙarƙashin wasu tsummoki ya miƙa mata.

"Yi abin da za ki yi. Ba don na gane ba."

Da sitikar ta fito daga ofis ta kawo masa da gudu. Ya ɗaga ta wajen haske, ya sa tabarau, ya cire, ya taɓe baki.

"Wa ya buga wannan?"

"Inji ne, Baba."

"Ai da gani. Bar min ita, ni zan kafa."

Ta tafi da murnarta. A gida ta tsaya gaban hoton mahaifinta da ke jikin bangon falo, aikin Mai Hoto ne shi ma, ta gaya masa a zuci cewa an dace. Hoton yana da kyau, kowa na faɗa. Ita dai tun rasuwarsa take jin kamar akwai abin da babu a fuskar. Tana tuna wani zagayayyen shati a gefen idonsa na dama, inda yake maƙala gilashin duba cikin agogo. A hoton fatar sumul take. Da shekaru suka tura, sai ta fara zaton ita ce ta ƙirƙiro shatin.

Ranar gwaji Manaja ya iso da hantsi, dogo, mai waya biyu, yana tafe yana duba agogo. Kafin su kai ƙarshen layi labari ya riga su. Tela ya fito da tef a wuya, Mai Burodi da gari a hannu, mai takalmi da guduma, duk suka yi cirko-cirko a ƙofar Mai Hoto.

"Me ake sayarwa a nan mai sauri?" in ji Manaja.

"Hoton fasfo," in ji Mai Hoto. "Zauna."

"Ba sai an ɗauka ba, biyan kawai zan..."

"A shagon nan ba a biyan abin da ba a yi ba. Zauna, ɗana. Ɗaga haɓa. Ba haka ba, ba raƙumi na ce ka zama ba. Ajiye wayoyin nan, ba za su gudu ba."

Manaja ya zauna a gaban koɗaɗɗen tafki, fitila ta walƙa. Ita kuwa idonta na kan bango. Ga zanen can a cikin firam mai ruwan zinariya, ya ninka sitikar girma, an kafa shi a tsakiyar hotunan amare. Zuciyarta ta yi sanyi don daɗi. Ko manyan kantuna ba su yi wa zanen wannan gata ba.

Manaja ya ɗaga waya ya haska. Shiru. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya goge idon wayar da gefen riga. Ya gwada ɗaya wayar. Shiru.

"Kuɗin ya ɓata a hanya ne?" Tela ya tambaya daga ƙofa. "Da ma na ce a yi masa aljihu."

Ta matso jikin firam ɗin. Sai a lokacin ta gani. Kusurwoyin ɗigogin duk an lanƙwasa su sun yi laushi. Ƙananan ɗigogin da ke warwatse su kaɗai a cikin fari sun ɓace. Inda layi ya yanke an haɗe shi.

"Baba," ta ce, "me ka yi masa?"

"Gyara shi na yi mana. Abu duk ƙuraje, kamar fuskar ɗan sakandare. Zan kafa wannan a bangona mutane su ce aikina ne? Yini guda na yi a kansa."

Dariya ta ɓarke a ƙofa. Mai Burodi ta riƙe ciki tana cewa, "Wayyo, ya yi wa kuɗi kwalliya!" Mai Hoto ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi yarinyar, fara'arsa ta soma janyewa.

Ta ce wa Manaja ana iya buɗe zanen a wayar shagon. Ya girgiza kai.

"Ƙa'ida ce. Abin da ke jikin bango shi mai saye zai haska, shi nake gwadawa. Sabuwar sitika kuma ba ta fitowa yau." Ya tura wayoyin a aljihu. "Ki same ni a ofis."

Ya nufi ƙofa, mutane suka buɗa masa. Ta tsaya da katin a wuya, yana mata nauyi kamar dutse. Idonta ya sauka a kan bencin nan, da tebur, da buroshin da ke kwance kusa da kwalbarsa. Yini nawa ta yi a nan tana kallon hannun tsohon nan? Kullum a kan takardar da ya wanke yake aiki. Fim ɗin kuwa da gefe-gefe yake riƙe shi, ya mayar ambulan, in ta miƙa hannu ya buge mata yatsu.

"Yallaɓai, dakata!"

Ita kanta ta tsorata da ƙarfin muryar. Manaja ya juyo. Ta juya ga tsohon.

"Baba, wannan ai ya fi sitikar girma. Hotonta ka ɗauka ka faɗaɗa, ko? Ina asalin?"

"Ji wata tambaya," in ji shi, har da ɓata rai. "Ke kin taɓa ganin na sa buroshi a kan asali?"

Ya jawo ɗan tsani, ya hau a hankali, ya zaro wata durowa ta can sama. Yatsunsa suka bi kan ambulan ɗin ba tare da ya karanta ba. Ya sauko da guda ɗaya da ta yi ja don tsufa.

"Ke kika kawo, to a ambulan ɗin gidanku na ajiye."

Ya zazzage ta a tafin hannu. Sitikar ta faɗo, ko bayanta ba a ɓare ba, tare da wasu 'yan yankan fim. Ta ɓare ta, ta manna a jikin ƙofa, daidai tsayin ido, da ƙurajenta da komai. Manaja ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɓata wa lokaci, ya ɗaga waya.

Daga ƙarƙashin tsummokin durowar ƙasa wani abu ya yi ƙara, siririya, sau ɗaya.

"Mene ne wannan?" in ji Mai Hoto.

"Kuɗinka ne, Baba."

"A cikin tsumma?"

Da Mai Hoto ya fitar da hotunan fasfon, Manaja ya karɓa, ya dube su ya ɗan daɗe, ya ce rabon da ya yi kyau a fasfo har ya manta. A bakin ƙofa ya ce mata ta zo da wuri ranar aiki, akwai wani layin da zai ƙara mata. Mai Burodi ta ce a kawo mata tata sitikar, amma kar a biyo da ita ta shagon nan. Tela ya ce shi sai ya ga Mai Hoto ya kwana lafiya tukuna.

Da aka watse, tsohon ya sauke firam ɗin daga bango, ya dube shi da tausayi, ya jingine shi a bayan labule. Sannan ya ɗauki ɗaya daga yankan fim ɗin da gefe-gefe, ya ɗaga wajen hasken ƙofa.

"Zo ki ga wata mara kunya."

A fim komai a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Duk da haka ta gane tsayuwar. Ga mahaifinta, ga rabin fuskar wata yarinya tana leƙe ta bayan wandonsa. Ta matsa har numfashinta na taɓa fim ɗin. A gefen idonsa akwai wani ɗan zagaye, siriri, kamar an ɗora bakin kofi an ɗauke.

"Baba, wannan fa?"

"Shatin gilashinsa ne. Kullum sai na share masa. Yakan ce in bari, ni kuma in ce ba a shagona ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ka wanke min wannan. Amma kar ka gyara komai."

Ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi ƙofa inda sitikar take, ya rufe. Ya ɗauki buroshin daga kan tebur ya mayar cikin kwalba, ya kunna jar fitilar ɗakin duhu.

"Zauna a bencinki," ya ce. "Kar ki motsa."