Zaman Dirshan na Magadan Gari a Bagadaza

Shekarar da farashin man fetur ya faɗi, ni ne magajin garin Ummul Bardi, can ƙuryar kudu inda kogi ke iso mana bayan kowa ya sha ya yi wanka ya bar mana ragowa. Kafin a ba ni kujerar, malamin lissafi ne ni, kuma da na san abin da ke tafe da ban ajiye alli ba.

Aikin titin kasuwa ne ya fara tsayawa. 'Yan kwangila suka kwashe motocinsu suka bar mana rami. Sai masana'antar bulo da ke bayan gari ta kashe wuta ta sallami mutane. Kuɗin da gwamnatin tarayya ke turo wa garuruwa ya fara zuwa guntu-guntu, daga baya ya ɗauke ɗif. Masu shara da masu kwashe bola suka yi ta aiki a kan alkawari har suka gaji suka jingine tsintsiya. Amma abin da ya hana ni sakat shi ne tashar tace ruwa. Da zafi, ruwan koginmu gishiri ne zalla, ko baunar da muke kiwo a nan sai ta yi tunani kafin ta sa baki. Injiniyan tashar ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa man injuna da kayan tacewa ba za su kai mu tsakiyar zafi ba. Na daina bi ta kasuwa idan zan je ofis. Ko ta'aziyya na je, sai wani ya matso ya riƙe mini hannu ya ce, "Abu Basil, ina labari?"

Hajji Sabri, wanda ya girme mu duka a cikin magadan garuruwan kudu, shi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya a waya. Ya ce aiken takarda ya isa haka, mu ɗunguma mu je Bagadaza da ƙafafunmu. Motar ofishina ta daɗe a kwance, don haka ya haɗa ni da Muzhir, wanda ake kira Abu Wisam, magajin Karmat Salih, garin da ke samanmu a bakin kogi. Ban ji daɗin wannan haɗin ba. Mun yi shekaru muna rigima da shi a kan ƙofar madatsar ruwa, yana rufe ta don manoman shinkafarsa, mu kuma mu sha laka. Ni ina kiransa ɓarawon ruwa, shi yana kirana mai kukan bazawara.

Ya zo ƙofar gidana bayan asuba, ya leƙo da ƙaton gashin bakinsa ya ce, "Shigo, malam, amma kada ka ba ni aikin gida a hanya." Da ya ga jarkar da nake ja, ya tambayi ko me ke ciki. Na ce ruwan famfonmu ne, zan sa minista ya ɗanɗana. Ya yi dariya har da dukan sitiyari, ya ce idan ministan ya mutu kada in ambaci sunansa a kotu.

Jarkar ba ta ma ga minista ba. Sojojin ƙofar ma'aikata suka tare ta, ɗaya ya buɗe ya shinshina, ya tambaye ni ko ruwan batir ne, sannan ya ajiye ta a gindin bango ya ce in ɗauki abina idan na fito.

Aka zaunar da mu a wani ɗakin jira mai sanyi kamar ba a ƙasarmu ba, ana ta kawo shayi. Sai gab da azahar aka ce minista ya tafi taro, mataimakinsa ne zai gan mu. Wani siririn mutum ne mai tabarau, Dakta ake ce masa. Ya saurari Hajji Sabri cikin ladabi, sannan ya yi mana bayanin da muka riga muka ji a talabijin: gangar mai ta faɗi, albashin ma'aikata kaɗai ya cinye abin da ke shigowa, kowa sai ya yi haƙuri. Daga ƙarshe ya ce zai fi kyau ya gana da mu ɗaya-ɗaya, tunda matsalar kowane gari daban take. Wanda aka fara kira shi ne Abu Wisam.

Kowa ya san jam'iyyarsu ɗaya da minista, kuma garinsa ya fi nawa yawan masu ƙuri'a. Na zauna ina kallon ƙofar, ina tunanin fuskar da zan nuna wa mutanena idan na koma hannu wofi.

Da ƙofar ta buɗe, Abu Wisam bai koma kujerarsa ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ya ɗaga murya yadda har magatakardan ofishin sai da ya ji, ya zayyana mana duk abin da aka faɗa masa. An yi masa tayin kason garinsa cikakke, har da ƙarasa titin asibitinsa, shi kuma ya lallashe mu mu koma gida a kan cewa an kafa kwamiti.

"To me ka ce musu?" in ji Hajji Sabri.

"Na ce a'a mana, Hajji." Ya nuna ni da haɓa. "Ba don son wannan ba, Allah ya sani. Idan tasharsa ta tsaya, duk Ummul Bardi za su hauro garina da jarkoki. Kuma surukata a garinsu take. Idan ta tattaro kayanta ta tare a gidana, wace gwamnati ce za ta cece ni?"

Dariya ta ɓarke, har wasu na share hawaye. Hajji Sabri ya miƙe a hankali, ya cire takalmansa, ya shimfiɗa alkyabbarsa a kan kafet ya zauna. Ya gaya wa magatakarda ya sanar da Dakta cewa babu wanda zai ƙara shiga shi kaɗai, kuma mu ba gaggawa muke ba, a gida ma ba abin da ke jiranmu sai zagi. Muka bi shi muka zauna a ƙasa duka.

A nan muka yi azahar, a nan muka yi la'asar. Muka aika aka sayo burodin da muke kira samun, da cuku da kankana, muka ci tare da masu gadi, waɗanda yawancinsu 'yan kudu ne irinmu. Ɗaya ya raɗa mini cewa mahaifiyarsa ma sayen ruwa take a tanka, kada mu tashi. Lokacin tashi daga aiki ya yi, ma'aikata suna wucewa suna satar kallonmu, mai makulli yana tsaye ya rasa yadda zai yi. Wani jami'i ya zo da barazanar kiran 'yan sanda. Hajji Sabri ya ce masa to ya kira masu ƙarfi, don shi gwiwarsa ba ta tashi da sauƙi.

Rana ta yi sanyi Dakta ya fito da kansa, ba kwat, idanunsa jawur. Ya jawo kujera, ya dube ta, sai ya ture ta ya zauna a ƙasa tare da mu. Ya ce wallahi ba kuɗi ya ɓoye a aljihun tebur ba, abin da ke hannunsa ba zai ishi rabin buƙatunmu ba, shi ya sa ya so ya raba mu.

"Ku faɗa mini abin da za ku iya haƙura da shi," in ji shi, "ni kuma in faɗa wa minista abin da ba za ku iya ba."

A nan ne aka yi ainihin dambe, kuma tsakaninmu ne. Kowa da aikin da ya yi wa mutanensa alkawari. Kusai, mafi ƙuruciya a cikinmu, ya yi rantsuwa cewa idan aka soke sabuwar kasuwarsa ba zai iya kwana a garinsa ba. Aka yi ta ja-in-ja har ya fita waje ya sha taba ya dawo ya amince. Na saki titin kasuwata. Abu Wisam ya saki titin asibitinsa, yana gunaguni cewa yau an yi masa fashi da rana tsaka. Abin da muka tsaya a kai abu biyu ne: ladan masu shara, da man injuna da kayan tacewa na kowace tashar ruwa har zafi ya wuce. Dakta ya shiga ciki da wayarsa. Muna jin tashin muryarsa ta bayan ƙofa, sai kuma shiru. Da ya fito ya ce minista ya yarda, gobe da safe zai sa hannu, kuma Hajji Sabri ya tsaya ya gani da idonsa.

Da na zo miƙewa bayan zaman yini a ƙasa, Abu Wisam ya tallafe ni yana cewa malamai ba su da ƙashi. A bakin kogin Dijla ya saya mana gasasshen kifi. Na ci kamar wanda aka sako daga kurkuku. Na kira matata Ummu Basil na faɗa mata, ta yi hamdala, sannan ta ce in tuna in sayo mata maganin hawan jini tunda a can ya fi araha.

Kuɗin bai zo da wuri ba, kuma da ya zo an ɗan gutsure shi a hanya kamar yadda aka saba. Ramin titin kasuwa yana nan, masana'antar bulo ba ta sake kunna wuta ba, samari da yawa sun tafi Basra neman aiki. Amma tashar ba ta tsaya ba ko na yini ɗaya, masu shara kuma sun koma bakin aiki.

Wata safiya a tsakiyar zafin, aka ce wata tsohuwa, Ummu Jabbar, tana son ganina kuma ta ƙi faɗa wa kowa abin da ya kawo ta. Na gyara zama ina jiran mummunan labari. Ta shigo tana haki, ta ce baunar maƙwabcinta ce ta karya shinge ta cinye mata kuɓewa, kuma idan magajin gari ba zai iya da bauna ɗaya ba, ina amfaninsa?

Na sa aka kawo mata shayi. Na ce, "Zauna, Inna, ki ba ni labarin tun daga farko. Baunar baƙa ce ko mai tabo?"

Ta zauna, ta gyara mayafi, ta fara.