Gawa Mai Katin Aro

Ƙarfe shida da rabi na safiyar Litinin aka fara jan jirgin. Mahadi ya kalli farawar a talabijin, a falon gidansu da ke hawa na biyu a unguwar Hindawiyya ta Makka, labule a sake.

Jirgin ruwa ne na shaƙatawa, mai hawa biyar. Kwana sittin da uku ke nan da ya bugi duwatsun murjani a kudu da Jidda, tafiyar awa ɗaya da rabi a mota daga Makka, ya kwanta ta gefen dama, rabinsa a cikin ruwa. An ceto mutum ɗari huɗu da goma sha ɗaya. An fito da gawa biyu a makon farko. Saura mutum ɗaya, mai wanke-wanke a kicin, kuma sunan da ke takardar hukuma shi ne Mahadi Mahmudu.

Mahadi direban tasi ne, haifaffen Makka, bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. Wanda ya shiga Usaini ne, ɗan kawunsa, wanda ya zo Umra daga Kano shekara goma sha huɗu da suka wuce bai koma ba. Usaini ba shi da takardar zama. Ɗan kwangilar da ke kai wa jirgin ma'aikatan kicin kwafin kati kawai yake karɓa, ba ya ɗaga kai ya dubi fuska. Mahadi ya ba da aron bataƙarsa, wato katinsa na ɗan ƙasa, aka buga kwafi, aka dawo masa da ita a ranar.

Da labarin kifewar ya zo, ba wanda ya yi kuka a gidan. Sun san abin da mara takarda yake yi idan jami'ai suka taru: sulalewa yake kafin a fara ɗaukar zanen yatsu. Suka ɗauka Usaini ya fito cikin jama'a, ya bi gaɓa, zai ɓullo nan da kwana biyu ko uku. Shi ya sa da jami'i ya bugo waya yana tambayar ko Mahadi ya dawo, mahaifiyarsa Hajiya Maryama ta ce a'a, don a ba Usaini lokaci. Kwana uku ya zama mako. Jami'ai biyu suka zo jaje har gida, suka sha shayi, Mahadi yana tsaye a banɗaki yana jin su. Tun daga ranar bai sake taka titi ba. Matarsa Shaima ta kwashi 'ya'yansu mata biyu ta koma gidan iyayenta a Tandabawi, don yara ba sa riƙe magana a makaranta. Maƙwabta sun sani, sun yi shiru.

A talabijin wani injiniya yana bayani da zane. An zura igiyoyin ƙarfe ashirin da huɗu ta ƙarƙashin jirgin, an ɗaure su a turakun da aka kafa a ƙasan teku. An liƙa manyan tankuna tara a gefen da ke sama. Injina za su ja a hankali har tankunan su taɓa ruwa, sai a cika su, nauyinsu ya ƙarasa miƙar da jirgin. Digiri sittin da biyar ake nema. A kusurwar allon an rubuta sifiri.

Ƙarfe tara wayar Hajiya ta yi ƙara. Rakan ne, ƙanen Mahadi, mai walda a ƙarƙashin ruwa. Shi ya nemi a sa shi a aikin, kamfanin kuwa bai yi gardama ba, domin kowa a wurin ya ɗauka yayansa yake nema.

"Salamu alaikum, ya marigayi," in ji Rakan. "Ya aka ji da zafin kabari?"

"Bar wannan. Ina aka kai?"

"Digiri uku. Dutse ya cije shi. Amma isma', saurara, ba don wannan na kira ba." Muryarsa ta sauka. "Jami'in da ke kula da gawa ya kira ni gefe. Ya ce in an same shi ni zan duba, ni zan sa hannu. Shaƙiƙi ne, akwai katin aiki a wuyansa, ba sai an ja mu da dogon bincike ba. Wai sauƙi yake mana. Har rungume ni ya yi, wallahi."

"In ka sa hannu fa?"

"Gobe a ba mu shi, a yi masa salla a Harami, a kai shi maƙabartar Shara'i. Kai kuma khalas, shi ke nan, ka mutu a kwamfuta. Shaima ta zama matar mamaci."

"In ka ce ba ni ba ne?"

"Sai su ce to ina kake. Yalla, ana kira na."

Kabira, matar Usaini, ta sauko daga ɗakin saman bene, inda suke zaune tun da aka rushe gidansu a unguwar Nakkasa. Ita ma ba ta da takarda. Ta gaida Hajiya, ta zauna a bakin ƙofa inda take iya hango rabin allon.

"Shigo ciki mana," in ji Hajiya.

"Nan ma ya isa, Gwaggo."

Lambar ta hau shida, ta hau tara. Da ido ba a ganin motsi. Abin da ake gani shi ne layin tsatsa da gansakuka yana fitowa daga ruwa, yana ƙara faɗi a jikin farin fenti. Da sha ɗaya saura kwata aka sanar cewa jirgin ya rabu da dutsen. Hajiya ta kawo ful, dafaffen wake, da burodi, ba wanda ya taɓa.

Sha biyu saura ashirin, a digiri goma sha bakwai, igiya ɗaya ta tsinke. An ji ƙarar har a talabijin, ruwa ya yi tsalle kusa da gaban jirgin, mai ɗaukar hoto ya karkata. Aka tsayar da injina. Injiniyan ya dawo, babu zane a hannunsa. Ya ce gefen da ya kwanta a kan dutse ya lotse fiye da yadda aka zata. Idan nauyi ya koma waje ɗaya, jikin jirgin zai iya tsagewa, hawan ƙasa ya rufta. A hawan ƙasa kicin yake.

Mahadi ya lissafa abin a ransa kafin ya ankara. In hawan ƙasa ya rufta, babu gawa, babu takardar sa hannu. Zai iya ɓullowa wata rana da wani labari.

"Wataƙila shi ne sauƙin," in ji Hajiya, ƙasa-ƙasa, idonta a kan carbi.

"Na ji, Gwaggo," in ji Kabira daga bakin ƙofa.

Hajiya ba ta juya ba. Mahadi ya tashi ya shiga ya yi alwala, ko da yake da sauran lokaci kafin azahar.

An yi minti hamsin ana raba nauyin a kan sauran igiyoyin. Lambar ta sake motsi. A digiri ashirin da shida tankunan suka taɓa ruwa, daga nan abin ya yi sauri. Ƙarfe biyu da minti goma jirgin ya zauna daidai a kan dandamalin da aka shirya masa. Jiragen aiki suka busa ƙaho. Gefen da ya fito launin ƙasa ne, tagoginsa a murƙushe, ruwa yana zuba ta kowace kafa. Mai gabatarwa ya ce da zarar an tabbatar jirgin ya tsaya, masu nutso shida za su shiga neman mutum na ƙarshe, kuma a cikinsu har da ƙanensa.

Wayar ta sake ƙara ƙarfe biyar da 'yan mintuna. Mahadi ya buɗe murya don kowa ya ji.

"Mun same shi," in ji Rakan. Wannan karon babu wasa. "A sito, bayan wurin wanke-wanke. Ƙofa ce ta danne. Zoben azurfar nan na Usaini yana hannunsa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya.

Kabira ta maimaita. Ta gyara mayafinta.

"Jami'in yana tsaye da takarda," in ji Rakan. "Na ce masa ban yi la'asar ba. Kwata ya ba ni. Ku yanke, in kira."

Hajiya ce ta fara magana. "Ya sa hannu."

"Ummi," in ji Mahadi.

"Ka bari in gama. Yaron nan don me ya bar Kano ya zauna a nan yana gudun 'yan sanda shekara goma sha huɗu? Ba don ya kwanta a Makka ba? Ga shi Allah ya kawo. A Harami ba a kiran sunan mamaci, a Shara'i ba a rubuta suna a kabari. Mala'iku ba bataƙa za su tambaye shi ba."

"Ni fa?"

"Kai kana gabana ina ganin ka. In ka fita ka faɗa, ɗaure ka za su yi, su ɗaure Rakan, su zo su tambaye ni abin da na ce a waya. Shi kuma su bar shi a firji wata da watanni, ƙarshe su binne shi a Jidda. Wa aka taimaka?"

"To in zauna a falon nan har yaushe?"

"Har a samu hanya. Ana samun hanya."

Kabira ta tashi ta fita. Suka ji takunta a matakala, hawa da sauka. Ta dawo da ƙaramin ƙunshin leda, ta kwance shi a gaban Mahadi. Koren fasfo ne, wa'adinsa ya ƙare tun shekara goma. A ciki akwai hoton Usaini yana saurayi, da bizar Umra.

"Yaya Mahadi," ta ce, "a otal ɗin Tandabawi Sabi'u suke kiran sa. A wajen gini kuma Bandar suke ce masa. In an kira shi a waya sai ya tsaya ya tuna wane ne shi kafin ya amsa. Yana dariyar abin, ni ba na yi." Ta tura fasfon gaba kaɗan. "Uwarsa tana nan da rai a Fagge. Me zan aika mata? Takardar mutuwarka?"

"Ke kin san abin da kike faɗa?" in ji Hajiya. "In aka buɗe maganarsa, taki aka buɗe. Jirgin sama za su sa ki, su mayar da ke gida."

"Na sani, Gwaggo."

"Kuma ba lalle a binne shi a Makka ba."

"Ko a Jidda ne. Mu tafi, Yaya, ni zan shaida shi."

Mahadi ya ɗauki fasfon, ya juya shafukan. Babu komai a cikinsu sai hatimin shigowa. Ya sa shi a aljihun gaba.

"Ba inda za ki," ya ce. "A cikin kayansa na tsinta. Ba wanda ya tambaye ni ko yana da mata, in sun tambaya kuma sai in ga abin da zan ce."

Hajiya ta dubi ɗanta. Sannan ta juya ga Kabira. "Ke takaba ta hau kanki tun ɗazu. Cire 'yan kunnen nan, ki zauna. Mai takaba ba ta zuwa bakin teku."

Wayar ta yi ƙara.

"Kada ka sa hannu," in ji Mahadi. "Ka ce masa ba yayanka ba ne. Ka ce yayanka yana hanya, da kansa zai yi bayani."

Ana jin ƙarar janareta a bayan Rakan. "Ni ma riƙe ni za su yi, ka sani."

"Na sani."

"Tayyib. To ka taho da kayan canji na mutum biyu. Kuma ba farar riga ba, ya akhi, wurin ba na farar riga ba ne."

Tasin tana ƙasa, an lulluɓe ta da tamfol. Mahadi ya yaye, ya murɗa makulli, ba ta ce komai ba. Batir ya mutu. Ɗanjuma mai shagon kusurwa ya fito yana goge hannu, ya dube shi, ya dubi motar.

"Sannu da fitowa, Abu Asma," ya ce, yana kiran sa da sunan babbar 'yarsa. "Sa ta a giya biyu."

Ya kira mutum uku daga cikin masu jiran sallar magariba. Suka tura ta zuwa gangaren, ta yi tari sau biyu, ta tashi. Ba wanda ya tambaye shi inda za shi.

Ya bi ta babban titi ya fita daga gari, ya kama hanyar gaɓa. Ya tsaya sau ɗaya a wani masallacin gidan mai, ya yi magariba. Hasken fitilun wurin aikin ya fara bayyana tun da sauran nisa. Kilomita biyu kafin teku aka gitta shinge, da motar jami'an tsaron gaɓa a gefe. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu.

"An rufe hanya, ya ammi. Ma'aikata kaɗai."

"Wajen jami'in gawa zan je. Yana jira na."

"Bataƙa."

Mahadi ya miƙa. Jami'in ya danna lambar a na'urar hannunsa, ya jira. Ya karanta abin da ya fito, ya dubi hoton katin, ya haska fuskar Mahadi da tocila. Ya sake karantawa. Ya kira abokin aikinsa ba tare da ya ɗauke ido ba.

"Kashe motar," ya ce. "Fito a hankali."

Mahadi ya kashe, ya fito, ya ciro koren fasfon ya ɗora a kan rufin motar.

"Wanda aka fito da shi daga jirgi sunansa Usaini Mukhtaru," ya ce. "Ku fara rubuta wannan."