Ƙodar Auta

Farfesa ya tabbatar, da hujjoji jere, cewa babu mutumin da zuwansa duniya dole ne. Biyu da biyu huɗu ne a kowace duniyar da hankali zai iya ƙagowa, amma mutum dace ne kawai ya jefo shi. Duk shekara da ƙanensa, Auta, yake ba da misali a aji.

"Baba zai tafi aiki mai nisa, mota ta mutu a hanya, ya dawo gida ya kwana. Da direba ya duba mai, da babu Auta. Duniyoyin da babu shi sun fi yashi yawa, kuma lafiyarsu ƙalau."

Ɗalibai su tuntsire da dariya. Da labari ya kai shagon Auta, inda yake gyaran tabarau, cewa ya yi, "Yaya, in ka leƙa can ka gaishe su."

Sai ƙodojin Farfesa suka gaza. Wankin ƙoda ya tsotse shi har wuyan riga ya yi masa yawa. Aka shiga neman mai ba shi ƙoda, aka gwada matarsa, 'ya'yansa, yayyensa mata. Babu wanda ya dace.

Wata safiya likita ta shigo.

"Mun samu. Ƙanenka ne. Irin wannan dacewa, ko a 'yan ciki ɗaya ba kasafai ake ganinta ba."

Farfesa ya juya. Auta na kujerar gefen gado yana ɓare lemo, ɓawon na zuba kan cinyarsa. Kunnuwan Baba ne sak, ga tabo a goshi, ga numfashi yana shiga yana fita. Nan take duniyoyin nan suka buɗe wa Farfesa birjik, kowacce da gadonta, kowacce da farfesanta a kwance, kujerar gefe kuwa wayam.

"Auta," ya ce da ƙyar, "ashe kana nan."

"Tun ɗazu fa, Yaya. Ko ciwon ya hau kai ne?"

"Ba dole ba ne, ka sani."

"To wa ya ce dole ne? Sha lemo."

Ranar aikin dashen ƙodar, Farfesa yana ta yi wa masu jinya bayanin girman abin da ya gano. Auta kuwa, wanda ko allura ba ya iya kallo, ya cire tabaransa ya miƙa wa matarsa, ya hau gadon da za a tura shi ɗakin tiyata.

"Kar ki gaya wa Inna sai an fito da ni," ya ce mata a hankali.