Littattafan Gwanjo

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan babbar mota, kuma abin da hanya ta koya mini shi ne, kayan gyaran da ya taɓa aiki a jikin wata mota ya fi sabo dal a leda amana. Da wannan wayon nawa na kusa jawo wa jikata asarar shekara uku.

Ciwon sikila ne ya raba ta da makaranta. Tana gama ƙaramar sakandare likita ya ce hawan bene da tsayuwar layi da sanyin safiya ne suke kwantar da ita kowane zango. Uwarta, 'yata ta fari, ma'aikaciyar jinya ce, ba ta wuni a gida. Ni kuwa na ajiye sitiyari, ina zaune a shagon taya da ke jikin gidanmu. Sai aka yanke cewa yarinya ta ƙarasa karatunta a gida, ni ne hedimasta. Ni da aji huɗu na firamare, shi ma rabinsa a tashar mota na yi shi.

Na share ɗakin bayan shago, na kwantar da ƙyauren tsohuwar kabad a kan tayoyi, ya zama tebur. Wata malama mai ritaya tana zuwa ran Asabar don lissafi. Sauran darussa kuwa dabarata ɗaya ce: abin da yarinya ta karanta da safe, da rana ta koya mini. In na gane, ta iya. In ban gane ba, ta koma. Shi ya sa na laƙaba mata Farfesa.

"Tsoho, kwanyar nan taka duk faci ce," in ji ta in na gajiyar da ita.

"Da fashewa gara faci. Sake bayani, ba na son ha'inci."

Wallahi ina kewar wannan zama. Warin roba, fanka tana gurnani, ita ta ɗora ƙafa kan jarkar ruwan ɗumi tana ba ni labarin yadda jini ke zagaya jiki, ni ina cewa ai aikin famfon mai ne.

Littattafai ni na sayo, wajen mai gwanjo a ƙarƙashin gada. Ban ɗauki masu tsabta ba. Na zaɓi waɗanda aka fi cika gefensu da rubutu, don a lissafina littafin da ya sha biro an ci jarrabawa da shi. A ciki har da na adabi guda uku: labari, wasan kwaikwayo, da waƙoƙi. Adabi kuwa shi ne ran Farfesa, don lauya take son zama, kuma ba a shiga wannan karatu sai an ci shi. Muka tauna littattafan nan har na san mutanen ciki kamar fasinjojin da na saba ɗauka.

Saura mako shida jarrabawar ƙarshe, wata ƙawarta ta makaranta ta zo dubiya. Ta ɗaga littafin wasan kwaikwayon ta fashe da dariya.

"Wannan ai yayata ce ta yi shi. Me kike yi da shi?"

"Kamar yaya?"

"An canza su tun shigarmu aji huɗu. Duka ukun. Ba wanda ya gaya muku?"

Wa zai gaya mana? Ashe masu shirya jarrabawa kan sauya littattafan adabi bayan 'yan shekaru. Shi ya sa tsofaffin suka yi wa mai gwanjo yawa har yake yi mini fara'a.

Farfesa ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Uwarta ce ta ce, "Baba, sai da na ce a sayi sababbi." Ta kawo shawarar a bari sai baɗi. Na dubi yarinyar. Mai irin ciwonta ba ta ɗaukar baɗi abin banza, ta san sau nawa muka kai ta asibiti ranga-ranga.

"Bana zan yi," ta ce. "Tsoho ne ya ɓata, shi zai gyara."

Washegari na sayo sababbi a leda, ban ko yi tayi ba. Muka fara. A mako na biyu ciwo ya kwantar da ita, ko littafi ba ta iya riƙewa. Na rufe shago, na jawo kujera bakin gadonta, ina bin layi da yatsa ina karanta mata, ina tuntuɓe kamar mota a hanyar burji. Ita idonta a rufe, tana gyara mini.

"Ba haka ake faɗa ba. Kai, da ni ce malamarka ta firamare da ka sha bulala."

A sabon labarin akwai wani ɗan kasuwa da ya gudu ya bar ƙanensa cikin rigima. Tun shafi na biyar na ce macuci ne.

"Mutumin da yake rantsuwa ba a tambaye shi ba? Na ɗauki irinsa ɗari a motata."

"Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa."

"Matsoraci ai shi ya fi iya cuta."

Kwana huɗu muna wannan musu, tana sa ni komawa baya ina nemo mata wuraren da za ta kayar da ni da su. A haka ta miƙe.

Ranar adabi na kai ta da kaina, na zauna a kan dakalin wani mai shayi daura da ƙofar wurin jarrabawar, awa uku ina juya kofi ɗaya. Da ta fito tana tafiya a hankali, yatsunta duk tawada.

"Mutuminka ɗan kasuwa ya fito a tambayoyin," ta ce.

"To me kika rubuta?"

"Na jero hujjojinka kaf, ban rage ko ɗaya ba. Sannan na bi su ina rushewa."

"A gaban baƙi kika tozarta ni?"

"Shafi uku cur."

Bayan wata uku sakamako ya fito. Lissafi da ƙyar ta tsallake, amma adabi ta kwashe shi tas, kuma aka ɗauke ta karatun lauya a shekarar. Da ta nuna mini takardar na ce ai rabin makin nawa ne, tunda sai da aka samu abin rushewa. Ta ce in je in gaya wa masu jarrabawar. Har yau ban canza ra'ayi ba, mutumin nan macuci ne.