Alƙali Ya Ƙoshi

Ni na rubuta duk maganar da manhajar ke yi, don haka kada wani ya ɗora wa na'ura laifi. Mu shida ne a ofis, ɗaki guda mai dogon teburi da fanka mai kuka, muna gina manhajar waya da za ta riƙa bibiyar lafiyar kyanwa da kare: abin da suka ci, nauyinsu, ranar allura. Aikina tsara allon da mutum zai gani da kalmomin da zai karanta. Manaja ya ce kada saƙo ya fito da muryar kamfani, ya fito daga bakin dabbar. Sai na zauna na yi wa kyanwa baki. "Yunwa nake ji." "Na gode, na ƙoshi." In aka yi jinkirin awa guda kuma: "Ka manta da ni ne?" Har tafi aka yi mini a kan wannan na ƙarshen.

Muna neman wanda zai gwada ta da gaske, ni kuwa ga Baba. Tela ne da ciwon ido ya sa ya ajiye aiki, yana zaune shi kaɗai tun rasuwar Mama, sai wani farin muzuru mai baƙin kunne ɗaya. Alƙali yake kiransa, saboda yadda yake hakimcewa a kan keken ɗinki yana kallon mutum kamar ya san abin da ka aikata. Na sa wa Baba manhajar, na kai masa sikeli. Wanda ya shekara arba'in yana awo ba ya wasa da lamba. Sau uku a rana yana danna "Na ba shi", kowace Asabar yana auna muzuru, bai taɓa tsallake rana ba.

Da kyanwoyin masu hali a ranmu muka yi tsarin, irin waɗanda ƙiba ta hana su hawa kujera. Saboda haka duk lokacin da nauyi ya ragu sai allo ya yi kore, tauraro ya fito, dabbar ta ce "Madalla, na fara kyau." Mu shida da digirorinmu, ba wanda ya tuna cewa ciwo ma yana ramar da dabba.

Baba ya kira ni sau biyu a kan ramar Alƙali.

"Ruwa yake ta sha ba ƙaƙƙautawa, ga ƙashin bayansa ya fito."

"Wane launi allon ya nuna?"

"Kore."

"To me kake nema kuma, Baba? Taro nake."

Ranar da ya gaji ya kai shi wurin likitan dabbobi da kansa, aka ce ƙoda ce, kuma an makara. A daren Alƙali ya mutu, Baba ya naɗe shi a ragowar wani farin yadi, ya binne shi a bayan gida.

Washegari ya sake kira, muryarsa a dishe. "Abin nan naka bai daina ba. Da safe ya ce yunwa yake ji. Na duba ko'ina ban ga inda ake gaya masa ya mutu ba."

Babu wurin. Na taɓa zana maɓallin, Manaja ya goge shi, ya ce ni ƙofar fita nake gina wa mutane. Amma zan iya share rajistar Baba cikin minti ɗaya, har na buɗe shafin. Sai idona ya faɗa kan lambar: kwana ɗari biyu da goma sha ɗaya a jere. Duk masu gwajinmu ba wanda ya wuce sati uku. Ita Manaja zai haska wa masu zuba jari nan da kwana tara, kuma ya riga ya ce in abin ya yiwu ni zan shugabanci sashen tsari.

"Baba, ka ɗan ci gaba da dannawa. Kwana tara kawai."

"In danna na ba shi?"

"Dannawa ce fa, ba rantsuwa ba."

Ya ce to.

Daga kujerata ina ganin kowane dannawa yana shigowa. Bakwai na safe, ɗaya na rana, shida na yamma. Na san abin da ke fitowa a wayarsa kowane lokaci, hoton Alƙali a kan keke da "Na gode Baba, na ƙoshi." Wata Talata ya makara, na ga saƙon jinkirin ya tafi, bayan minti biyu dannawar ta shigo. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye ba, amma ba ta hana ni cin abincin rana ba.

Ana saura kwana uku Manaja ya dafa kafaɗata. "Lamba ba ta sa mutum hawaye. Bidiyo nake so, tsohon nan da kyanwarsa."

Da na faɗi gaskiya a nan, da an wuce wurin. Sai na ce ba damuwa. Na yi yawon shagunan dabbobi huɗu har na samu farin muzuru, na sayi baƙin rinin gashi, na shafa masa a kunnen dama a cikin mota yana yagata.

Da hantsi muka isa, ni da mai ɗaukar hoton ofis. Baba ya buɗe ƙofa, ya dubi kwalin da ke hannuna, ya dube ni. Na ja shi gefe na yi masa bayani ƙasa-ƙasa, da sauri, irin na wanda ya san ba shi da gaskiya. Bai katse ni ba. Ya ɗaga muzurun ya juya shi.

"Kunnen hagu ne," ya ce. "Shekara goma sha biyu kana ganinsa."

"Ba wanda zai lura."

"Haka ne."

Ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna kusa da keken, ya rungume baƙon muzuru. Na riƙe masa takardar da na rubuta da manyan baƙaƙe saboda idonsa. "Tun da na samu wannan manhaja, hankalina ya kwanta a kan lafiyar Alƙali." Mai hoto ya ce a sake, babu murmushi. Aka sake. A na huɗu Baba ya yi murmushin, mai kyau kuwa, irin wanda yake yi wa mai kaya in ɗinki ya zauna.

Da aka gama ya wanke hannunsa, rinin ya ɓata masa yatsu da gaban riga. Ya mayar da muzurun cikin kwali, ya ɗora wayarsa a kai, ya miƙo mini duka biyun a bakin ƙofa.

"Ka ƙarasa dannawar da kanka, ka fi ni iyawa."

"Baba, jibi zan share komai, wallahi."

"Allah ya ba da sa'a." Ya gyara murfin kwalin don kada dabbar ta fito. "Ranar da tawa ta zo, in kana taro kada ka wahalar da kanka. Tsofaffi masu kama da ni sun cika titi, sai ka ɗauki ɗaya."

Ya tura ƙofar a hankali. Ina tsaye da kwali a hannu na ji ya sa sakata.