Amin Ɗin da Ya Rufe Makarantar Mis Earline

Ranar Talata ce, amma da hulunan zuwa coci na Lahadi muka shiga zauren majalisar gunduma. Ta Sista Ozella har da gashin tsuntsu, sai da mai gadi ya kauce mata a bakin ƙofa. Ta ce in dai za a yanke wa makarantar Mis Earline hukunci, to a yanke shi a gaban mutanen da suka yi shiga ta mutunci.

A idon baƙo ba wata makaranta ba ce. Ɗaki ne a bayan cocinmu, a wani ɗan gari na Mississippi, da ƙananan kujeru da suka sha fenti har suka yi kauri. Ina shekara huɗu aka kai ni, lokacin iyayenmu mata na fita gonakin auduga da gidajen Turawa tun da duhu. Mis Earline tana budurwa a lokacin. Har yau ina jin ƙamshin faten masara da man shanu da take zuba mana, da zafin matajinta a ƙeyata, don ita ke taje kan duk wadda uwarta ba ta samu sarari ba. A can likita ya fara leƙa kunnena. A can aka koya mini in ɗaga kai in faɗi sunana cikakke, Vernice Tolliver, ko wa ke tambaya.

Yanzu jikata Nyla ce ke zama a kujerun nan. Uwarta Darnisha na aikin feɗe kifi a masana'anta daga asuba, ni kuma wankin ƙoda ya cinye mini safiya da ƙarfi. In aka janye tallafin gwamnati, ba inda za mu ajiye yarinyar.

*

Mista Whitlock, shugaban majalisar, ya miƙe ya gyara kwat. Mutumin ya iya magana, sai ka rantse a bakin mumbari ya tashi. Ya sassauta murya ya ce yaran nan su ne gobenmu.

"Amin," in ji Sista Ozella. Muka amsa.

Ya ce ba su cancanci rufi mai yoyo ba. Muka ce amin. Ya ce sun cancanci littattafai sababbi da filin wasa mai ciyawa, ɗan baƙar fata bai fi ɗan kowa cancantar ragowa ba. Nan fa mafitai suka tashi sama.

"Faɗa musu, ɗana, kada ka rage komai," Ozella ta ce, har hularta ta karkace.

Na hango Mis Earline a kekenta na guragu tana ɗaga mana hannu. Na zaci ita ma ruhu ne ya taɓa ta.

Sai ya kai ƙarshen zancensa, a muryar nan dai mai zuma. Saboda haka, in ji shi, za a tattara duk tallafin a kai sabuwar cibiyar da ke babban gari, can hayin kogi. Hayin kogi, inda ko motar haya ba ta zuwa daga wajenmu. Ya juya ga magatakarda ya ce ta rubuta cewa jama'ar unguwa sun nuna cikakken goyon baya.

Ozella ta tashi tana dogara sanda.

"Ranka ya daɗe, amin ɗinmu ba 'mun yarda' ba ne. 'Muna jin ka, ci gaba' ne. Kowa a garin nan ya san haka, kai ma ka sani."

Ya yi mata murmushi irin na jika ga kaka, ya ce kowa dai ya ji da kunnensa. Daidai nan Darnisha ta faɗo zauren da takalman roba, tana ƙarnin kifi, ta gudo daga aiki don ta yi magana. Aka ce mata lokacin jin ta bakin jama'a ya wuce. Hannayen 'yan majalisa suka tashi, gudumar shugaba ta sauka.

A waje Ozella ta yi ta tsine wa harshenta, ta ce gara da ta bar haƙoran robarta a gida, da ba wanda ya gane me take faɗa. Mis Earline ta yi dariyar da ta ƙare da tari.

"Laifina ne, 'yan mata. Na koya muku buɗe baki, na manta ban koya muku jiran ƙarshen magana ba."

*

Darnisha ta zaɓi aiki, don haya ba ta jira. Yanzu kafin ta fita takan kai Nyla gidan Kawu Lemuel, tsohon da ba ya jin kira sai an taɓa shi, wanda barci ke ɗaukewa a gaban talabijin tun kafin hantsi.

Ranar Litinin ta farko bayan an rufe makarantar, da na dawo daga asibiti, na biya in duba ta. Na same ta zaune a ƙasa kusa da ƙafarsa, talabijin na tallar maganin ciwon gwiwa. Ta sa takalmanta da kanta, na dama a hagu. Ta ɗago ta dube ni.

"Kaka, yau ma Asabar ce?"

Kawu Lemuel ya ja minshari. Na durƙusa na fara kwance mata igiyar takalmin.