Zagin da Na Goge

Inna, mahaifiyata, ba ta iya magana babu zagi a ciki ba. Duk wanda ya taɓa sayen waina a ƙofar gidanmu a Kurna ya san haka. In ta ji daɗinka ta ce maka ɗan nema, in ka ba ta dariya ta ce ka ci gidanku, in kuwa ƙaunarka ta cika mata ciki sai ta ware yatsu biyar ta watsa maka daƙuwa ta ce ungo naka. Wanda ba ta so, shi take gaisarwa da ladabi. Ni kuwa tun ina sakandare nake jin kunyar bakin nan nata, har ba na son ƙawayena su biyo ni gida.

Da maigidana Halliru ya samu gurbin karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, muka tare a unguwar Pantai Dalam, hawa na sha huɗu, sai na ɗauka na rabu da wannan kunyar. A nan 'yarmu ta tashi. Sunan Inna aka sa mata, Barira, shi ya sa muke kiranta Afnan. Shekararta biyar lokacin da korona ta zo, kuma Hausar bakinta ba ta cika cokali ba. Ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci, ka matsa mata ta juya Malay.

Da aka kulle gari, Halliru kaɗai ke sauka sayo cefane. Mu kuwa sai zaman taga, muna kallon jirgin ƙasa yana wucewa babu kowa a ciki. Abu ɗaya yarinyar nan take jira a wuni, wato la'asar. A lokacin hantsi ne a Kano, sai ƙanena Sirajo ya kira ta bidiyo ya riƙe wa Inna wayar.

"Ina takwarar tawa? Ke mai kan kwakwa, zo nan don ubanki!"

Afnan ta taho a guje tana kyakyata dariya. "Kaka! Again, again!"

"Me take cewa, Ɗelu? Ja'irar nan ni za ta yi wa yaren Nasara? Ungo naki!"

Sai Afnan ta ware nata 'yan yatsun ta mayar mata, su yi ta yi har sai katin Sirajo ya ƙare. Ranar da babu kira, Inna ta aiko da saƙon murya, Afnan ta ɗauke wayata ta shige ƙarƙashin tebur tana maimaita shi. A bakin Inna ta koyi "zo nan", ta koyi "tuwo", ta koyi "ina jin yunwa". Abin da na kasa koya mata a shekara biyar, tsohuwar nan ta ɗura mata shi a mako uku, da zagi a gaba da zagi a baya.

Na yi wa Halliru ƙorafi, ya ɗago daga kwamfutarsa yana murmushi. "Ni fa ake zagi, Ɗelu. Uban da ake ambata ga shi zaune, kuma ya yafe. Ki bar su."

Ban bar su ba, na dai haɗiye ne zuwa wata ranar Asabar.

Matan 'yan Arewa da ke Cheras da Taman Melati da unguwarmu sun haɗa wa yara karatun Islamiyya ta waya, Malam Bahauddeen ke koyarwa. Iyaye mata kan zauna a bayan 'ya'yansu, kowa da mayafinta mai kyau, matan lakcarori ne yawanci, masu magana kamar suna tsoron ta fashe. A ranar Asabar ɗin, Malam ya ja wa Afnan Fatiha ta biya daidai. Ya ce, "Masha Allah, Afnan ta yi ƙoƙari." Yarinya ta ji daɗi har cikin ranta. Ta matso da fuskarta, ta ware yatsu biyar a gaban wayar, ta ce da muryar Inna sak, "Ungo naka, ɗan nema, don ubanka!"

Na ga wata ta rufe baki da mayafi, wata ta janye ɗanta daga gaban wayar. Malam ya yi gyaran murya ya ce, "To, iyaye a riƙa kula da abin da ake faɗa a gaban yara."

Na kashe wayar. Na kama hannun da ta yi daƙuwar na tsula masa silifas sau uku, ina faɗa mata cewa wannan maganar banza ce, Allah ba ya so, kuma duk ranar da na sake ji sai na fasa mata baki. Ba ta taɓa shan duka a hannuna ba sai ranar. Kallon da ta yi mini na mamaki ne, don ita a saninta yabo ta mayar wa Malam.

Maƙwabciyata Roseline, 'yar Kaduna ce da ke karatu a jami'ar su Halliru, ta ji kukan ta bango. Ta ƙwanƙwasa, ta ja baya ta tsaya da takunkumi a fuska. Da na ba ta labari sai ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Maman Afnan, small thing lah. Kakata a Zonkwa haka take, in ba ta zage ki ba ranar to she's angry with you. Just tell the girl, wannan na Kaka ne kawai, ba a yi wa Malam. Finish."

Na ce mata ita ba a gaban matan nan aka tozarta ta ba.

Da la'asar Sirajo ya kira. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ce ya ba ni Inna. Abin da na faɗa mata har yau ina nadamarsa. Na ce ta zubar mini da mutunci a ƙasar mutane. Na ce tarbiyya muke so mu ba yarinyar nan, ba irin ta bakin kasko ba. Na ce in ba za ta iya magana babu ashar ba, to ba zan ƙara ba ta Afnan ba.

Na jira ta zage ni. Wallahi da ta zage ni da na samu sauƙi. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Da bakin nan na raine ku ku shida, Ɗelu. Wanne ne ya lalace?"

"Inna, zamani ya canja."

"To. Allah ya ba ki haƙuri. Ba zan ƙara ba."

Ina ajiye wayar na bi saƙonninta ɗaya bayan ɗaya na goge, sun fi arba'in, don kada Afnan ta sake shiga ƙarƙashin tebur da su. Na tura wa Sirajo cewa shi ma ya goge na wajensa, kada wata rana ya sake turo su. Yaro ne mai jin magana, ya goge.

Inna ta cika alkawari. Washegari da aka kira ta ce, "Afnan, ina wuni? Yaya karatu? Allah ya yi miki albarka." Afnan ta tsaya tana jira, hannunta a bayanta. Da ta ga babu abin da ya biyo baya sai ta ce, "Fine," ta koma wajen 'yar tsanarta. Haka aka yi kwana uku. A na huɗu ta ƙi zuwa ma, na ce wa Inna barci take yi. Inna ta ce, "A ƙyale ta, kada a tashe ta." Ni da ta haifa na san gaisuwar da take yi wa wanda ta cire daga ranta, amma wannan ba ita ba ce. Wannan ta mutumin da aka ɗaure wa baki ce, kuma ni na ɗaure shi. Na ce a raina bayan salla zan ba ta haƙuri, in an buɗe hanya mu je gida.

Azumi ya kama. A kwanakin nan kullum sai an ji rasuwar wani tsoho a Kano. Ranar shida ga wata, ina yanka albasa da azahar, wayar Sirajo ta shigo, ba lokacin kiransa ba. Ya ce zazzaɓi ne Inna ta yi na kwana biyu, ta hana a faɗa mini. Ya ce bayan asuba ta cika.

Babu jirgi, babu hanya. A waya na ga an fito da ita daga ɗakinta, an wuce ta gefen murhun wainar, hoton yana tsayawa yana tafiya. Roseline ta rataye mana abinci a hannun ƙofa, ta tsaya daga nesa tana kuka tana cewa, "Sannu, Maman Afnan, sannu." Ko rungumar juna ba mu yi ba.

Bayan kwana bakwai Afnan ta same ni a kicin ta ce, "Mama, I want to hear Kaka."

Na duba wayar. Saƙo ɗaya ne ya rage, wanda Inna ta aiko ranar da aka kai azumin farko. Na kunna mata. Muryar ta fito a hankali: "Assalamu alaikum. Ina yi wa Afnan barka da shan ruwa. Allah ya raya ta, ya ba ta ilimi mai amfani. Na gode."

Afnan ta saurara har ƙarshe, ta miƙo mini wayar. "That's not Kaka."

Na kira Sirajo ko akwai wanda ya tsira a wajensa. Ya ce, "Yaya, ai ke kika ce in goge." Na tambayi yayyena, babu wanda ya taɓa ajiye muryarta, don su kullum suna jin ta a tsakar gida. Shekara sittin da wani abu matar nan tana zagin mutanen da take ƙauna, ban bar ko guda ɗaya ba.

Sai na tuna ranar Asabar ɗin nan, yadda muryar Inna ta fito sak daga bakin Afnan, har da 'yar dusashewar da Inna take yi a ƙarshen magana. Akwai sauran wuri ɗaya da ta rage.

Da la'asar, ruwa yana dukan taga, na zaunar da Afnan a cinyata. Na ce, "Afnan, yi mini irin na Kaka. Yadda take ce miki. Sau ɗaya kawai."

Ta girgiza kai.

"Ba zan dake ki ba, wallahi. Don Allah, Afnan."

Ta dube ni ina hawaye, ta sauka daga cinyata, ta mayar da hannayenta biyu baya ta riƙe. Da Hausa ta ba ni amsa, Hausar da ni na koya mata da silifas.

"Ba kyau, Mama. Allah ba ya so."